Gilashin Baƙon da Bai Dawo Ba

Idan mutum ya yi alheri da abin da ba nasa ba, ladan na wa ne? Na juya tambayar nan har kaina ya yi zafi, ban samo amsa ba.

Autar gidanmu tana aiki a cibiyar binciken sararin samaniya. Ta gano wani dutse mai kewaya rana, aka tabbatar da hanyarsa, aka ba shi lamba. A ƙa'idarsu, wanda ya gano shi ke ba da shawarar suna, ya haɗa da taƙaitaccen bayani, kwamiti ya duba. Sunan Baba take so, amma ta rantse ba za ta aika ba sai ya sa hannu da yardarsa.

Muka same shi a shagonsa na gyaran tabarau, yana miƙe ƙafar wani tabarau da aka zauna a kai.

"Dutse?" in ji Baba. "Shekara arba'in uwarku na cewa kaina ya fi dutse tauri, yanzu za ki kai mata shaida har sama? Ba ni sa hannu."

"Haba Baba! Ba kai ka haɗa min madubin hangen nesa na farko da kwali ba?"

Ya ajiye aikin. "Kwalin nawa ne, gilashin ba nawa ba. Wani baƙo ya kawo tabarau gyara, tabarau ɗin ya shekara uku a aljihun teburin nan, shi bai dawo ba. Na ciro na haɗa miki. Ko sunansa ban tambaya ba. In akwai mai dutse, shi ne."

Na gyara zama, na fara bayani a kan amana da niyya.

"Yaya, don Allah ajiye wa'azin," in ji Auta. Ta soke yabon da ta tsara tun farko, ta rubuta: "Mai gyaran tabarau. Ya haɗa wa 'yarsa madubinta na farko da gilashin wani baƙo, kuma har yau yana jiransa."

Baba ya karanta sau biyu, yana motsa leɓe.

"Ba za su ce ɓarawo ba?"

"Ɓarawon da ya kai ƙarar kansa? Sai dai su yi dariya," in ji Auta.

"To dutsen nan, ba zai faɗo kan bayin Allah da sunana ba?"

"Ko kusa da mu ba ya zuwa."

Ya goge hannu a jikin rigarsa. "Kai, malam mai wa'azi, miƙo min biro."