Dutsen da Ba Ya Kai Ƙarar Maƙwabci

Daren jiya mafarki ya jefa ni wata ƙasa inda ruwan sama ke tashi daga ƙasa ya nufi gajimare. Ko a can aikina bai ƙyale ni ba, ni ne mai auna matsin dutse a rijiyar mai. Kafin a tura ruwa da ƙarfi a fasa dutsen da ke ƙasa, sai na gano ta inda aka fi matsa shi, domin ta nan tsagar ke bi. In gabas da yamma ne, ta shige daji. In kudu da arewa ne, ta bi ta rijiyar gidanmu, wadda marigayi mahaifina ya haƙa da hannunsa.

Shugaban ofishin bunsuru ne mai tabarau. Na nemi na'urar awo, ya ce ya cinye ta tun da hantsi.

"Sauka ka tambayi dutsen da bakinka, Injiniya. Nan haka muke yi."

Sai ga ni a ƙasan rijiyar man, durƙushe gaban dutse.

"Baba, ta ina aka fi matsa ka?"

"Lafiya lau, ɗana. Ya mutanen gida?"

Ina jin shi yana nishi kamar jakin da lodi ya yi wa yawa.

"Baba, don girman Allah, kudu ko gabas?"

"Haba, ɗana. Tun fil'azal muke tare da maƙwabtan nan, yau in kai ƙararsu wurin baƙo? Sai dai godiya."

Na yi magiya, na rantse zan rufa masa asiri. Ya ce in gaida gida. Wallahi ban taɓa ganin kawaici mai ban haushi irin wannan ba.

Sai ga ni kuma a ofis, bunsuru na tauna labule.

"Me ya ce?"

"Ya ce lafiya lau."

"Madalla. A kunna famfon tura ruwa."

"Ranka ya daɗe, wannan fa gaisuwa ce, ba awo ba."

"Dattijo kamarsa zai yi maka ƙarya?"

Aka kunna. Tsagar ta fito ta miƙe arewa ɗoɗar, tana tafe tana gaida mutane, baƙin ruwa na bin bayanta. Na riga ta isa gida, na tare ƙofar zaure da hannu biyu. Ta tsaya cak a gabana, ta yi sallama cikin ladabi.

Baƙo da sallama, yaya zan yi? Kafin in ankara bakina ya ce, "Maraba, bismillah, shigo daga ciki." Ta yi godiya, ta bi ta tsakanin ƙafafuna ta nufi rijiyar.

Ƙarar guga ce ta tashe ni. Na fita ba takalmi, na tarar da matata Tasalla tana jan ruwa. Na ƙwace gugan na kafa kai. Ruwan rijiyar mahaifina ne, garau, da sanyinsa, sai na ji ƙwalla ta cika min ido.

Tasalla ta dube ni ta ce, "Malam, lafiya?"

"Bari in ƙara sha tukuna."