Aladen da Ya Tone Kabarin Baba

Duk shekara kafin Chuseok, bikin girbi, sai an hau tudu an yanke ciyawar kaburburan gida da hannu. Bana aikin ya faɗo kan Pyo Gi-tae, tun da mahaifinsa ne sabon kwanciya a wurin, kuma Baffa Du-sik, yayan marigayin, gwiwa ta fara ba shi wahala.

Gi-tae ya so mahaifinsa, irin son da bai taɓa fitowa baki ba har aka binne tsohon. Sai dai hannunsa na ofis ne, ga rana, ga zirnako a cikin ciyawa. Don haka ya ɗauko injin nan mai yankan ciyawa da kansa, wanda ya saya saboda ɗan filin gidansa a birnin Daejeon, ya ajiye shi gaban kabarin, ya danna, ya koma mota ya kunna sanyi.

Da ya dawo, fili ya yi tas. Amma injin ya hau tsibin kabarin, ya kafe a ƙoli yana juya wuƙaƙe har ya ƙwaƙule ciyawar, jar ƙasa ta fito kamar an fasa wa mutum kai. Daga nan ya gangara ya maƙale a kwazazzabo.

Kunya ce ta kama shi, amma fushi ya fi sauƙin fita. Ya kira kamfanin.

"A yi haƙuri, yallaɓai," in ji matar da ta ɗauka. "A kan wane irin wuri aka sa shi?"

"Ina ruwanki da wuri? Ku zo ku ga ɓarnar da kayanku ya yi!" Ya faɗa mata sunan ƙauyen da tudun.

"Hutu ya zo, yallaɓai, sai bayan biki."

"Inji na saya a wurinku ko hutu?"

Ya katse wayar. Injin ya ƙi ciruwa, sai ya lulluɓe shi da rassa ya tafi.

Ranar biki dangi suka hau tudun da 'ya'yan itace da wainar shinkafa. Baffa na ganin kabarin ya tsaya cak.

"Aladen daji ne, Baffa," Gi-tae ya faɗa da sauri.

Tsohon ya sulale ya zauna a ƙasa. "Ni ne," ya ce. "Da bazara na zo na zuba masa giyar shinkafa. An hana ni, an ce ƙamshinta na jawo aladu, na ce ƙanena yana son abarsa." Ya dafa jar ƙasar, hawaye na bin kumatunsa. "Ƙanena, ka yafe wa yayanka."

Gi-tae ya kawar da kai.

"Haba, Yaya, dubi sauran wurin mana," in ji Gwaggo Mal-sun, ƙanwarsu. "Kamar an bi da aska! Wa ya ce 'yan birni ba su san lauje ba?"

Ba ta rufe baki ba wani mutum ya ɓullo daga ƙasan tudu yana haki, da rigar kamfani da akwatin kayan aiki.

"Wane ne yallaɓai Pyo Gi-tae? An ce ranka ya ɓaci ƙwarai, shi ya sa na baro nawa iyalin na taho. Ina injin?"

Idonsa ya sauka kan kabarin, ya ga zagayen sawun taya. Ya cire hula, ya rusuna wa kabarin har ƙasa.

"Dattijo, a gafarce mu. Injinmu ne."

Baffa ya share ido da bayan hannu, ya dubi Gi-tae sama da ƙasa.

"Kai yaro, aladen naka har mai gyara gare shi?"

Gi-tae ya zube kan gwiwoyinsa. "Baffa..."

"Ba ni za ka roƙa ba. Ni na riga na yi kukana." Ya juya ga Gwaggo. "Zuba wa baƙon nan abinci, ranar biki muka raba shi da gidansa." Sannan ya nuna gefen tudu da sanda. "Yanko ciyawa daga can, da saiwarta, ka rufe wa ubanka kai."

Gi-tae ya yi ta ɗauko ciyawa yana dannawa da tafin hannu, ƙasar da ɗumi, tana shiga ƙarƙashin faratansa. A bayansa ya ji Baffa ya buɗe kwalbar giyar shinkafa yana tsiyayawa gefen kabarin. Bai iya ɗago kai ya duba ba.