Makullin Ɗakin Sanyi

A cikin azumin da ya faɗo tsakiyar bazara, rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke daga Filinge har ƙauyukan Kurfai. Shugabannin kamfani daga Yamai suka kira Abdurrazak, shi da aka damƙa wa amanar ɗakin na'urori na Filinge, inda zaren gilashi mai ɗauke da intanet yake shiga. Aka ce na'urar da ke karɓar umarninsu ta daina amsawa, kuma ɗakin nan ba mai shigarsa sai da izini, domin wanda ya kai hannu gare ta yana iya juya saƙonnin jama'a yadda ya so.

Da ya isa bayan azahar, ya tarar da ƙofa a buɗe, takalma jere a bakinta. Dattawan unguwa ne kwance bisa tabarmi suna shan sanyin da aka tanadar wa na'urori. An zare wayar na'urar daga bango, an maƙala salular wani tana caji. Mai gadin kuwa Mamane ne, yayan mahaifiyarsa, wanda Abdurrazak da kansa ya nema wa aikin.

Zuciya ta taso masa. Ya tuna yana azumi, ya haɗiye, ya gai da dattawan ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da wayar mazauninta. Sai da suka watse ya nemi makulli.

Mamane ya ce bayin Allah ne masu ƙishirwa, ba ɓarayi ba. Ya tambaya ko ƙarfe ya fi tsoho mai azumi cancantar sanyi. Abdurrazak ya amsa cewa tun hantsi masu jinya a Damana da Bonkuku ba su iya kiran kowa, kuma ba a yin sadaka da kayan amana.

"Da hannun ga na yanka ragon sunanka," in ji Mamane. "Yau ni kaka tuhuma?"

"Kawu, ban tuhume ka ba. Ba ni makullin."

Tsohon ya kwance shi daga igiyar wuyansa, ya ƙi miƙawa, ya sake shi cikin rairayi. Abdurrazak ya durƙusa ya ɗauka, ya kulle ƙofa.

Da magariba ya aika da kunun buɗa baki gidan kawunsa, kamar kullum. Kwanon ya dawo a rufe, ba a taɓa ba.