Abin da Salmanu Yake Ɗauke da Shi

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da motsa jiki a sakandare kafin in yi ritaya, don haka idan na ce na san gudu, ba cika baki nake ba. Yanzu samari masu neman aikin ɗamara nake horarwa a wani filin makaranta a Lafiya, kullum bayan asuba. A gabana Koci suke ce mini. A bayana kuwa, Allah kaɗai ya san sunana.

Salmanu ya zo mini daga Kwandere saura mako shida a yi gwajin ɗaukar aiki. Manomi ne, ƙirji kamar ƙofa, kuma bana ce damarsa ta ƙarshe, domin baɗi shekarunsa sun haura. Ya ce ya bar gona, ba zai sake taka ta ba. Ban tambaye shi dalili ba. Ni ƙafafu nake dubawa, ba ruwana da labarin kowa.

Zagaye takwas na filin ake buƙata. Salmanu yakan yi huɗu ya zube. Kuma ba irin hakin ragwaye ba ne. Sai ya zauna a ciyawa kafaɗunsa na rawa, ko gorar ruwa ba ya iya ɗagawa zuwa bakinsa. 'Yan banzan da ke laɓewa bayan bango suna shan sigari su gama suna raha, shi da ya tashi da garma a hannu sai an kama shi an tayar. Na tura shi asibiti. Aka auna jini, aka auna zuciya, aka ce lafiyarsa ƙalau.

Sai na daina kallon ƙafafunsa, na ɗaga ido sama. Ashe a nan matsalar take. Mai gudu hannayensa lilo suke yi. Na Salmanu a lanƙwashe suke a gaban ƙirji, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, tafuka na kallon sama, wuya a sanƙare. Na taɓa kafaɗarsa, kamar na taɓa turmi. Naman jikin da aka ɗaure haka aiki yake yi ko bai motsa ba, kuma ƙirjin da aka matse ba ya jan iska yadda ya kamata. Kafin ƙafa ta gaji, hannu ya riga ya cinye ƙarfin.

"Kai, wa ya ɗora maka faranti? Tallan gyaɗa ka zo yi?" na daka masa tsawa. Sauran suka fashe da dariya. "Saki hannun nan!"

"Ina ƙoƙari, Koci," in ji shi. "Hannun ne ba ya yarda."

Na ce zai yarda ko ya ƙi. Muka shiga gashi da ruwan zafi, da tausa, da miƙe-miƙe. Na ba shi busasshen ganyen mangwaro ya riƙe a kowane hannu, idan ya murƙushe ya sake zagaye. Na riƙa bin sa da tsumagiya, gwiwar hannu na ɗagowa in zuba mata. A mako na biyar ya kai takwas, hannaye na lilo kamar na kowa. Na yi ta cika baki a wajen mai shayi. Salmanu kuwa ko murmushi bai yi ba.

Ranar gwaji matarsa Sailuba ta zo, ta tsaya kusa da ni a bakin wayar da ta kewaye filin. Har zagaye na shida yana cikin biyar na gaba, ni kuwa muryata ta dushe. A na bakwai sai ya tsaya cak. Ba haki yake ba. Ya dubi hannayensa, ya juya, ya fara komawa baya yana dube-dube a ƙasa, masu gudu na kauce masa suna zaginsa.

"Me ya yar?" na yi ihu. "Wallahi yaron nan zai kashe ni! Me yake nema?"

"Afra'u yake nema, Baba," in ji Sailuba a hankali. "'Yarmu. Shekararta huɗu. Bara maciji ya sare ta a gona, ba mashin, ba netwok. Ya ɗauko ta da gudu har bakin titi. Tun a hanya ta cika, shi bai sani ba, yana ta gudu. Sai da mutum uku suka taru kafin aka ɓamɓare ta daga hannunsa."

Aka hura usur. Mai rajista ya ja layi a kan lambarsa.

Salmanu ya tako zuwa wurinmu, hannayen sun koma inda na same su ranar farko. Na kasa haɗa ido da shi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba. Makonni ina dukan hannun uba don ya saki 'yarsa, har da ce masa mai talla a gaban yara.

"Yi haƙuri, Koci, na ɓata maka tirenin," in ji shi. "Na ji hannuna ba nauyi ne. Na ɗauka ta faɗi a hanya."