Sigarin Gwaggo Damata

A gidajen Hausawan titin Grand Concourse kowa ya san aikin Hajara, sai dai yadda Gwaggo Damata ke faɗinsa ne ya fi yawo: wai yarinya ta ƙare boko kaf, ta ɓige da shayar da ɓera giya. Hajara ba ta musu, don gaskiya ne. A ɗakin binciken da take aiki, ɓera kan danna wani ɗan ƙarfe, giya ta ɗigo masa. Sai a yanke giyar, ya yi ta dannawa har ya haƙura. Daga nan ta yi masa allurar nikotin, sinadarin da ke cikin taba. Sai ka ga mutumin naka ya koma kan ƙarfen nan kamar bai taɓa tuba ba.

Shi ya sa gabanta ya faɗi ranar sadakar godiya da aka yi saboda yayanta Mashud ya bar kwalba. Giya ta raba shi da tuƙin tasi, ta kusa raba shi da matarsa. Ana tsaka da cin shinkafa, Gwaggo ta zaro katan ɗin sigari ta dire masa a gaban dattawa.

"Ungo, ɗana, ka riƙa rage zafi. Wannan dai ba ta bugarwa."

Ƙanwa ba ta ratsa tabarmar maza, balle ta ɗauke kyautar da babba ya bayar. Hajara ta ratsa, ta ɗauke, ta danne a hammata. Haushi ya fi tsoronta yawa.

"Ajiye," in ji Gwaggo.

"Ba zan ajiye ba, Gwaggo. Kullum ina ganin abin da take yi wa wanda ya daina."

"A wurin ɓeraye. To yayan naki ɓera ne?"

Wasu suka yi dariya. Mashud bai yi ba. Idonsa na kan katan ɗin, yana haɗiyar yawu, kuma Hajara ta san wannan kallon.

"Ba ɓera ba ne. Ban ma ce lalle abin da ya sami ɓera zai same shi ba," ta ce. "Amma ɓera in ya koma, sai in buɗe keji in ɗauko wani. Yaya kuwa ɗaya gare ni."

Gwaggo ta juya wurin Mashud, tana jiran ya tsawata wa ƙanwarsa. Shi kuwa ya ɗago kai ya dubi Hajara.

"Hajara," ya ce, "akwai kwali guda a aljihun rigar sanyina. Haɗa da shi."