Rubutu a Ƙarƙashin Fuskar Auta

Shekara talatin da ɗaya na yi ina gyaran rubutu a maɗaba'a. Teburina yana jingine da bangon ɗakin injina, sai ƙararsu ta yi ta cin kunnuwana a hankali yadda gara ke cin ƙofa. Na bar aiki da idon da ke hango waƙafin da ya ɓata tun daga bakin ƙofa, da kunnen da ko tukunya ta faɗi a bayana ba ya ba ni labari. An gwada mini na'urar da ake maƙalawa a kunne, ta yi ta yi mini fito kamar buta a kan wuta, na jefa ta cikin aljihun tebur.

Matata kaɗai ta san iyakar abin. Ita ba na wahala da ita, domin bakin da ka yi shekara arba'in kana kallo, ko bai yi sauti ba ka san abin da yake faɗa, musamman in faɗa ne. Na sa ta rantse ba za ta gaya wa yara ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana nuna wa mutane kuskurensu, ba ya son a ce masa "Baba, ba haka na ce ba."

Autarmu tana wata ƙasa mai nisa, tana aiki a kantin magani. Duk ranar hutunta takan kira mu ta kwamfutar da ta aiko mana, mu ga fuskarta, ta ga tamu. Tun tana ƙarama ni ne abokin hirarta. Takan zauna a gefen teburina ta yi ta zuba, ni kuma ina bin littafinta na makaranta da jan biro ina yi mata gatse, ita tana ramawa. Da kunne ya tafi sai na koma dabara. In ta yi murmushi in yi, in ta ɗaga gira in ce "to, to," in ta yi shiru in ce "madalla." Na yi shekara biyu a haka ba a kama ni ba, har na fara ganin kaina gwani.

Wata rana ta kira, matata kuwa ta tafi kasuwa. Hoton yana ta yankewa, fuskarta ba ta fito sosai ba. Ta yi magana mai tsawo, sannan ta yi wani ɗan murmushi ta tsaya tana jirana. Na gyara zama na ce, "Madalla. Ai na san haka za a yi."

Ta dube ni, ta dube ni, sai hoton ya ɗauke.

Sai bayan kwana biyu matata ta tsaya a gabana, ta riƙe ƙugu, ta faɗa mini da baki buɗe yadda ba zan rasa ko harafi ɗaya ba. Jarrabawar da Auta ta yi shekara uku tana shiryawa, wadda in ta ci za ta zama cikakkiyar mai haɗa magani, ita ce ta faɗi. Ni ta fara gaya wa, kafin uwarta, kafin mijinta. Murmushin nan na ƙarfin hali ne. Kuma da yake ta san bakina, ta ɗauka gatse na yi mata.

Wata bakwai ke nan. Tana kira kamar kullum, ta gaishe ni da ladabi, in ga bakinta ya ce "Ina Mama?" sai in tashi in ba da kujera. Nakan zauna a gefe inda kwamfutar ba ta ganina, in yi ta kallon rabin fuskarta tana hira da uwarta. Ina kewar yarinyar nan kamar in yi ihu, alhali ga ta a ɗakina duk mako. Matata ta ce in faɗi gaskiya a huta. Na ce sai na shirya. Ta ce girman kai rawanin tsiya ne, kuma nawa ya fi ƙarfin wuyana.

Ran nan da hantsi sai ga ta ta shigo da mai gyaran kwamfuta ta ƙarshen layinmu, wata mata mai tabarau da jaka cike da wayoyi. Na harari matata. Ta ce, "Baban Auta, na rantse ba zan gaya wa yara ba. Wannan 'yarka ce?"

Mai gyaran ta zauna ta jawo kwamfutar, ta danna maɓallai uku lokaci guda. Wani dogon akwati baƙi ya fito a saman allon. Ta shiga wurin saiti ta kunna wani abu mai hoton makirufo, sannan ta juyo ta yi magana da harshen makaranta. Sai kalmomi suka fara fitowa cikin akwatin, ɗaya bayan ɗaya: "Baba, barka da hantsi. Kana ganin abin da nake faɗa?"

Na karanta, na sake karantawa. Rabon da maganar baƙo ta iso ni cikakkiya, ba guntu-guntu ba, har na manta. Amma da yake hali zanen dutse ne, abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne, "Wa ya zaɓi wannan rubutun? Fari a kan baƙi, ƙanana kamar ƙwan kifi?"

Ta yi dariya ta buɗe mini wurin da ake sauya kamannin rubutun. Nan fa na samu aiki. Na sa ta mayar da haruffan baƙaƙe a kan fari. Farin ya yi ƙyalli, na ce a rage shi ya koma kamar takardar jarida. Ta ƙara girman haruffa, na ce ya yi yawa, ai ba allon talla muke bugawa ba. Ta rage, na ce ta ɗan ƙara. Ta tambaye ni a ina nake son akwatin, sama ko ƙasa, ko kuwa ya zama wanda zan riƙa ja da shi duk inda na so. Na ce ƙasa, daidai ƙarƙashin haɓar mai magana, don kada idona ya yi tafiya mai nisa tsakanin fuska da rubutu. Ta nuna mini wani maɓalli da ke ɓoye zagi. Matata ta ce a bar shi a kashe, akwai abubuwan da ta daɗe tana so in karanta.

Raina ya yi fari. A zuciyata na riga na gama lissafi: zan riƙa karanta maganar Auta a ɓoye, in amsa daidai, hira ta dawo, kuma ba wanda zai san an taɓa yin wani kurma a gidan nan. Na ce wa mai gyaran, "To, yanzu mayar da shi harshen gida."

Ta buɗe jerin harsuna. Muka bi shi tare daga sama har ƙasa, na sa yatsa a kan allon yadda nake bin shafi. Na sake bi daga ƙasa zuwa sama. Namu ba ya ciki.

"Ba su sa shi ba tukuna, Baba," in ji akwatin. "Wanda zai yi maka magana sai ya yi da harshen makaranta."

Ni da Auta ba mu taɓa yin hira da harshen makaranta ba. Wannan harshen jan biro ne, na gyara da jarrabawa. Tsokanarmu da faɗanmu da sirrinmu duk da harshen gida muke yi. In ce mata ta sauya, dole ta tambaye ni dalili. Duk da haka ban karaya ba, sai na ƙulla wata dabarar: ni zan fara da harshen makaranta, ita kuma ladabi zai sa ta bi ni.

Ranar hutunta ta zo. Da la'asar kwamfutar ta haska, na riga matata zama a kujera, na danna maɓallan nan uku. Fuskar Auta ta fito, ta ɗan rame, ga akwatina fari a ƙarƙashin haɓarta. Na gaishe ta da harshen makaranta, gaisuwa mai tsabta kamar farkon wasiƙar ofis.

Ta ɗan ja baya. Sannan ta amsa da irin harshen, kalmomin suka jeru: "Lafiya lau, ranka ya daɗe. Na gode da tambaya."

Na tambayi aiki. "Aiki lafiya." Na tambayi mijinta. "Yana lafiya." Ina karanta kowace kalma, ba ko ɗaya da ta kuɓuce mini, amma ban taɓa jin ta yi mini nisa irin na wannan lokacin ba. Na ga idonta ya sauya. Ta ajiye kofin da ke hannunta, ta matso, sai bakinta ya ɓalle da sauri. Na san ta koma harshen gida, domin fuskarta gaba ɗaya ta motsa, har da hannu. Akwatin ya rubuta wani shirme guda biyu, ya goge, ya tsaya fari fat.

Magana take yi mini, ni kaɗai, karo na farko cikin wata bakwai, ga ta nan tana zuba a gabana, ni kuwa ko ɗigo ban samu ba. Jijiyar wuyanta ta tashi. Ta nuna ƙirjinta, ta nuna ni. Sannan ta tsaya tana jiran amsa, tana haki. Na ji "to, to" ta hau kan harshena da kanta. Matata tana tsaye a gefena, ta naɗe hannu.

Na ce da harshen gida, "Auta, ban ji ba."

Ta buɗe baki za ta maimaita, na ɗaga hannu.

"Ko kin maimaita ba zan ji ba. Kunnuwana sun mutu, 'yata. Na ɓoye miki ne. Akwai wani akwati a nan ƙarƙashin fuskarki da ke rubuta mini abin da aka faɗa, amma bai iya harshenmu ba. Shi ya sa na yi miki magana kamar baƙuwa."

Ta yi tsit har na zaci hoton ne ya tsaya. Ta juya ido wajen uwarta, uwar ta gyaɗa kai. Can sai ta koma harshen makaranta, kalmomi suka fito cikin akwatin a hankali, tana raba su kamar mai koya wa yaro karatu.

"Tun yaushe?"

"An kusa shekara uku."

"Duk hirar da muka yi?"

"Fuskarki nake bi."

"Har ranar nan?"

"Har ranar nan. Na ga kin yi murmushi, na zaci alheri ne."

Ta rufe baki da tafin hannu. Na fara ba ta haƙuri, na fara jero bayani irin na wanda aka kama, sai ta girgiza kai ta ce in dakata. Ta share ido, ta gyara zama, ta dubi tsakiyar allon sosai. Na sauke idona kan akwatin.

"Baba, ina da magana. Sakamakon jarrabawa ya fito. Ban ci ba. Na yi iya ƙoƙarina, amma ban ci ba. Kai na fara kira."

Na karanta har ƙarshe, sannan na ɗago na dube ta. Labarin ya yi wata bakwai a hanya, sai yanzu ya iso.

Na ce, "Sannu, Auta. Sannu, 'yata. Na san irin wahalar da kika sha. Da ina kusa da na zo na zauna da ke."

Sai ta kifa kai a kan tebur. Kafaɗunta suna rawa, tsakiyar kanta kawai nake gani. Akwatin bai rubuta komai ba, domin ba a koya masa rubuta kuka ba. Na jawo kujerata har gwiwata ta taɓa tebur, na kara kunnena na hagu a jikin kwamfutar, wanda da can ya fi ɗan dama. Na san ba abin da zan ji, amma ban ɗaga ba sai da ta gama.