Hayaƙin Motar da Ba Ta Hayaƙi

Auta ta fito da farin kayan aikinta na asibiti, hayaƙi ya tare ta tun daga bakin ƙofa. Kwana biyu ke nan babu wuta a unguwar, shi ne maigidanta ya jawo janareta ya jona sabuwar motarsa mai lantarki, wadda ya saya yana cika baki wai ya daina gurɓata iska.

Yayanta bakanike ne, shekara talatin hannunsa cikin baƙin mai. Ita ta kira shi ya kai ta aiki da tsohuwar motarsa. Da ya ga abin da ake ciki, sai ya jingina da bango yana dariya har da riƙe ciki.

"Ango," haka yake kiran mijin nata har yau, "ashe ita ma fetur take sha, a ɓoye!"

"Yau ɗaya ce, Yaya," in ji maigidan. "Taka fa? In ka zuba lita huɗu, wajen uku zafi suke zama su bi iska. Taɓa bonet ka ji. Tawa kuwa yawancin abin da ta ci tayoyi yake tafiya."

"Wutar daga sama take faɗowa? Tashar da ke ba ku me take ƙonawa? Batirin kuma a bishiya aka tsinko shi?"

"Ko ka haɗa duka, in tafiya ta yi nisa hayaƙinta bai kai naka ba."

"Yaya, bakwai saura kwata," Auta ta ce.

"Ina zuwa, ƙanwata."

Bai zo ba. Maigidan ya ciro waya yana nuna alƙaluma, Yaya yana ture wayar da bayan hannu. Maƙwabciya ta rufe tagarta da ƙarfi. Auta ta yi magana sau uku, kamar da dutse take.

Can sai Yaya ya ce bari ya nuna musu injin da aka kula da shi. Ya tayar da motarsa, ya taka totur har ƙasa. Salansar motar ta yi tari, ta feso baƙin hayaƙi daidai gaban rigar Auta.

Ta dubi rigarta, ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta je ta kashe janaretan.

"Yaya, fito."

Ya fito sum-sum. Ta shiga, ta ja motar da kanta, ta bar su tsaye. A asibiti sai da ta ari rigar wata.

Da yamma ta dawo a gajiye, ta tarar da su a kan rufin gareji da tef, suna auna inda za a kafa sola.

"Yawwa, Auta!" Yaya ya ƙwala mata kira. "Ke za ki raba mu. Tsakanina da Ango, wa ya fara kawo shawarar nan?"

Ta ajiye masa makullinsa a ƙasan tsani, ta shige ciki ta ja ƙofa.